Yadda Ake Shigar da Rabon Ribar Hannun Jari a Takardar Harajin Shekara

Duk wanda ya zuba kuɗinsa a hannun jarin kamfani ya san daɗin saƙon nan da ke shigowa waya cewa an zuba masa rabonsa. Kamfani ya yi ciniki, ya ci riba, ya ware wani kaso ya raba wa masu hannun jari gwargwadon abin da kowa ya mallaka. Kuɗi ne da ya zo ba tare da gumin ranar ba, shi ya sa mutum kan manta da shi da wuri. Sai lokacin cike takardar haraji ya zo, ya buɗe asusunsa na banki, ya tara abin da ya gani ya shigo, ya rubuta. A nan akasarin kurakurai suke farawa, domin abin da ya faɗo asusunka sau da yawa ba shi ne adadin da hukumar haraji take nema ba. Ita tana son ta ga abin da kamfani ya ba ka tun kafin kowa ya taɓa shi. Idan ka riƙe wannan, sauran aikin bin takardu ne kawai.

Dokokin haraji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma hanyar da ake bi kusan ɗaya ce. Zan kawo misalai daga wasu ƙasashe domin a ga yadda abin yake a aikace, kai kuma ka nemo makamancinsa a dokar inda kake biyan haraji.

Mataki na farko: tabbatar ko bayyanawar ta hau kanka

Fara da tambayar wace ƙasa ce take ɗaukar ka mazauninta a fannin haraji. Ƙasashe da dama suna duba ko ka kwana 183 a cikinsu a shekara, tare da wasu alamu kamar inda gidanka da iyalinka suke. Yawanci ƙasar da ta ɗauke ka mazauninta tana da haƙƙin haraji a kan duk kuɗin da ka samu, na gida da na waje. Amurka ta ƙara da nata: ɗan ƙasarta yana ba da bayani ko da a wata nahiya yake zaune.

Daga nan ka duba yadda ƙasar take karɓar harajin rabon riba. Akwai inda ake cire shi tun daga tushe, wato kafin kuɗin ya iso hannunka, kuma a rufe magana. A Jamus, misali, banki yana cire kashi 25 cikin ɗari da ɗan ƙari a kai, kuma tun daga 2023 akwai rangwamen yuro 1,000 ga mutum ɗaya, don haka wanda jarinsa ke bankin ƙasar sau da yawa ba sai ya sake rubuta komai ba. Akwai kuma inda kai ne za ka lissafa ka biya. A Birtaniya, a shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025, fam 500 na farko ba haraji a kansa, kuma wanda rabonsa ya haura fam 10,000 dole ya cike takardar shekara. Wannan rangwamen fam 5,000 ne a 2016, ya sauka zuwa 2,000 a 2018, ya koma 1,000 a 2023, sannan 500. Mutanen da shekarun baya ba ruwansu da hukuma yanzu sun shigo cikin lissafi ba tare da jarinsu ya ƙaru ba. Indiya ma ta sauya tsari a watan Afrilun 2020: da kamfani ne ke biyan harajin rabon, yanzu mai hannun jari ne. Don haka abin da wani ya gaya maka shekara biyar da suka wuce kada ka gina lissafin bana a kansa.

Ka kuma ware jarin da ke cikin asusun da doka ta yafe wa haraji ko ta jinkirta shi, irin su ISA a Birtaniya ko asusun fansho. Rabon da ya faɗa can ba ya shiga takardarka.

Mataki na biyu: tattara takardu kafin ka taɓa fom

Ɗauki takarda ka jera duk wuraren da kake da jari: dillalin hannun jari, manhajar waya da ka buɗe ka manta, asusun zuba jari na haɗaka (inda mutane da yawa ke haɗa kuɗi wani ya juya musu), hannun jarin da wurin aikinka ya ba ka, wanda ka gada, da na ƙaramin kamfanin da kake cikin masu shi. Kowane ɗaya yana da takardarsa. A Amurka sunanta 1099-DIV, kuma ana bayar da ita ga wanda rabonsa ya kai dala 10. A Kanada T5 ce. A wasu wuraren takardar shaidar biyan rabo ce daga kamfani ko daga mai riƙe rajistar masu hannun jari, ko kuma bayanin ƙarshen shekara daga dillali.

Rashin zuwan takarda ba ya ɗauke maka nauyi. Idan rabon ya yi ƙanƙanta har ba a aiko da komai ba, ko takardar ta tafi tsohon adireshinka, shiga asusunka na intanet ka sauke bayanin shige da fice na shekarar gaba ɗaya. In asusun na haɗin gwiwa ne da matarka ko ɗan'uwanka, kowa rabonsa zai rubuta, ba mutum ɗaya ya ɗauki duka ba.

Mataki na uku: sa kowane biya a shekararsa

Rabon riba yana da ranaku huɗu: ranar da kamfani ya sanar, ranar da sabon mai saye ba ya cikin rabon, ranar da aka rufe rajista, da ranar biya. A mafi yawan lokuta ranar biya ce ke nuna shekarar. Sai dai ka san inda shekarar harajinka ta fara da inda ta ƙare. A Amurka daga Janairu ne zuwa Disamba, a Birtaniya kuwa daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Akwai wata togaciya a Amurka: asusun haɗaka da ya sanar da rabo a watan Oktoba, Nuwamba ko Disamba amma ya biya a Janairu, ana ɗaukar kuɗin a matsayin na shekarar da ta gabata. Takardar da suka aiko za ta nuna hakan, ita za ka bi.

Mataki na huɗu: nemo cikakken adadi, ba ragowar da ta iso ba

Buɗe ɗan jadawali a kwamfuta ko a littafi. Kowane biya layinsa: sunan kamfani, ƙasarsa, ranar biya, cikakken adadin da aka ba ka, harajin da aka cire, kuɗin hidimar dillali in akwai, sannan abin da ya iso hannunka. Ginshiƙin cikakken adadi shi ne zai shiga fom a matsayin kuɗin shiga. Ginshiƙin harajin da aka cire yana da nasa gurbin daban, domin shi ne shaidar cewa ka riga ka biya wani ɓangare.

Ga yadda yake a kusa. A ce kana da hannun jari 200 a wani kamfani, yana biyan rabin dala a kan kowane ɗaya duk wata uku. Kowane zagaye dala 100 ke nan. An cire kashi 15, dala 85 ta iso. A shekara cikakken rabonka dala 400 ne, an cire 60, ka karɓi 340. Wanda ya rubuta 340 ya yi kuskure biyu a lokaci guda: ya rage kuɗin shigarsa da dala 60, sannan ya zubar da shaidar dala 60 da ya riga ya biya, wadda za a iya rage masa daga abin da ake binsa. Ya saɓa wa doka kuma ya cuci kansa.

Sai babban ramin da ya fi cin mutane, wato rabon da aka mayar cikin jari. Dillalai da yawa suna ba ka zaɓin cewa duk lokacin da rabo ya fito, a saya maka ƙarin hannun jari da shi kai tsaye. Ko sisi ba ya shiga asusunka na banki, saboda haka zuciyarka ba ta ɗauke shi kuɗin shiga ba. A wurin doka kuwa kamar an miƙa maka kuɗin ne, kai kuma ka juya ka sayi jari da shi. Ni kaina na faɗa wannan ramin. Na danna wannan zaɓin ranar da na buɗe asusu, na manta da shi ɗungurungum. Shekara biyu ina rubuta rabon da ya iso banki kawai, har wata wasiƙa ta zo tana tambayar bambancin da ke tsakanin abin da na bayyana da abin da dillali ya kai rahoto. Na kwana biyu ina bin layi-layi da alƙalami kafin na gano shi, ƙananan adadi ne da suka taru, kowanne an rubuta kusa da shi cewa an sake zuba shi. Kuɗin da na biya bai taka kara ya karya ba, amma faɗuwar gaban da na yi da na ga ambulan ɗin ba na fatan ta ga kowa.

Wannan kuɗin da aka mayar yana da wani amfani da za ka gode wa kanka a kansa nan gaba. Tunda ka biya haraji a kansa bana, ya zama cikin kuɗin da ka sayi jarin da shi. Ranar da za ka sayar, za a cire shi daga ribar sayarwa. Wanda bai ajiye lissafinsa ba zai biya haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Haka abin yake ga asusun haɗaka mai tara riba a cikinsa ba tare da rabawa ba: a Birtaniya ana biyan haraji a kan wannan ribar duk da ba ta fito ba, kuma mai kula da asusun yana nuna adadin a takardar shekara.

Mataki na biyar: rarrabe nau'in kuɗin

Ba duk abin da kamfani ya turo ne rabon riba ba, kuma ba duk rabon riba ne ake yi wa haraji iri ɗaya ba.

Na farko, kada ka haɗa rabon riba da ribar sayar da hannun jari. Rabon riba kamfani ne ya ba ka alhali jarinka na nan, ribar sayarwa kuwa kai ne ka sayar a farashin da ya fi na saye. Gurbinsu daban, lissafinsu daban. Na biyu, wani lokaci kamfani yana mayar maka da wani ɓangare na uwar kuɗinka ne. Wannan yawanci ba a yi masa haraji nan take, sai dai yana rage adadin da ake ɗauka ka sayi jarin da shi. Na uku, a wasu ƙasashe asusun haɗaka da jarinsa ya fi yawa a takardun bashi yakan raba kuɗin da doka take ɗauka kuɗin ruwa ne, ko da kai kana kiransa rabo.

A Amurka takardar 1099-DIV ta riga ta yi maka rabin wannan aikin. Akwati na 1a shi ne jimlar rabon, 1b shi ne ɓangaren da ya cancanci sassaucin haraji, 2a ribar sayarwa da asusun haɗaka ya raba, na 3 uwar kuɗin da aka mayar, na 4 harajin tarayya da aka cire, na 7 kuma harajin da wata ƙasa ta cire. Lura cewa 1b yana cikin 1a, ba a tara su. Rabon da ya cancanci sassauci ana yi masa haraji na sifili, kashi 15 ko kashi 20, gwargwadon kuɗin shigar mutum, amma da sharaɗi: sai ka riƙe hannun jarin fiye da kwana 60 a cikin kwana 121 da ke farawa kwana 60 kafin ranar da sabon mai saye ke fita daga rabon. An sa sharaɗin ne don toshe masu saye ana gobe rabo su sayar jibi.

Kanada kuma tana da tsarin da ke ruɗa baƙo. Idan ka karɓi dala 100 na rabon da ake kira wanda ya cancanta daga kamfanin ƙasar, dala 138 za ka rubuta, wato an ƙara kashi 38, sannan a ba ka rangwame a kan wannan adadin. Dalili shi ne kamfanin ya riga ya biya haraji a kan ribar, ana so a mayar da lissafin kamar kafin a cire, sannan a lissafa maka abin da kamfani ya biya. Ostareliya ma tana da makamancin wannan. Idan ka ga takardarka ta nuna adadin da ya fi wanda ka karɓa, to ba kuskure ba ne.

Mataki na shida: rabon da ya zo daga ƙetare

Manhajojin waya sun sa sayen hannun jarin kamfanin wata ƙasa ya zama aikin minti biyar, amma harajinsa bai yi sauƙi haka ba. Ƙasar da kamfanin yake tana cire nata tun daga tushe, ƙasarka kuma tana jiran nata. Amurka tana cire kashi 30 daga rabon baƙo. Idan ƙasarka tana da yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu da ita, kuma ka cike fom ɗin W-8BEN a wurin dillalinka, sau da yawa yakan sauka zuwa kashi 15. Fom ɗin yana ƙarewa a ƙarshen shekara ta uku bayan shekarar da ka sa hannu, kuma in ya ƙare ba ka sabunta ba, cirewar za ta koma 30 ba tare da an yi maka sallama ba. Ka duba wannan yau, ba sai lokacin haraji ba.

Mu koma ga dala 400 ɗin nan da aka cire wa 60. Idan harajin ƙasarka a kan wannan rabo kashi 20 ne, ana bin ka 80, a rage 60 da ka biya a waje, ka cika 20. Idan kuma kashi 10 ne, ana bin ka 40, rangwamen ya shafe shi duka, amma ragowar 20 ɗin ƙasarka ba za ta mayar maka ba, domin ba ita ta karɓa ba. Ƙa'idar da aka fi bi ke nan: rangwamen ba ya wuce harajin gida a kan wannan kuɗin. Haka kuma idan sakacinka ya sa aka cire 30 maimakon 15 da yarjejeniya ta tanada, hukumar ƙasarka yawanci 15 ɗin kawai za ta amince da shi, sauran sai ka nema daga ƙasar da ta cire, kuma wannan doguwar tafiya ce.

Sai canjin kuɗi. Takardar haraji da kuɗin ƙasarka ake cike ta. Ka juya cikakken adadin da kuma harajin da aka cire da farashin canji na ranar biya, ko da matsakaicin farashin wata ko shekara in hukumarka ta yarda da shi. Duk wanda ka zaɓa ka tsaya a kansa har ƙarshe, ka kuma rubuta inda ka samo shi. Kada ka ɗauki farashin ranar da ka ciro kuɗin, domin yana iya zama watanni bayan biya.

Ga masu tunanin cewa asusun waje ba wanda ya san da shi: tun daga 2017 ƙasashe suka fara musayar bayanan asusun kuɗi kai tsaye a ƙarƙashin tsarin da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, ta fitar a 2014, kuma yanzu sun haura ɗari. Amurka tana da tata dokar a kan asusun waje, mai suna FATCA, tun 2010. Zai yiwu adadin ya riga ka isa hukuma.

Mataki na bakwai: cike gurbin da lissafin

Yanzu ne za ka buɗe fom. Tara ginshiƙan jadawalinka gida-gida: rabon cikin gida, rabon waje, harajin da aka cire a gida, wanda aka cire a waje. A fom na 1040 na Amurka, jimlar rabo tana layi na 3b, wanda ya cancanci sassauci yana 3a. In jimlar ta wuce dala 1,500 sai ka haɗa da jadawalin B, inda za ka jera sunan kowane mai biya da adadinsa. Harajin waje ana neman rangwamensa da fom na 1116, sai dai in bai wuce dala 300 ba, ko 600 ga ma'aurata masu cikewa tare, to bisa wasu sharuɗɗa ana iya shigar da shi kai tsaye. A Birtaniya rabon kamfanonin gida yana cikin babbar takardar, na waje kuma yawanci yana shafukan kuɗin ƙetare.

Ko da manhaja ce za ta yi lissafin, yi naka a gefe don ka san abin da kake tsammani. Rabon riba a wurare da yawa ana ɗora shi ne a saman sauran kuɗin shigarka, saboda haka albashinka ne ke nuna matakin harajin da zai faɗa. Ɗauki ma'aikaci a Birtaniya wanda ke matakin farko, ya sami rabon fam 3,000 a shekarar 2024 zuwa 2025. A cire 500, saura 2,500, a kashi 8.75 ya kama fam 218.75. Da a mataki na sama yake, kashi 33.75 zai biya a kan wannan 2,500 ɗin. Wanda yake bakin iyaka kuma rabonsa zai rabu biyu, wani ɓangare a ƙasa, wani a sama. In lissafinka da na manhaja sun yi hannun riga, tsaya ka nemo dalili kafin ka tura.

A ganina, mai hannun jari a kamfanoni kaɗan na cikin gida zai iya wannan aikin da kansa. Amma wanda yake karɓar rabo daga kamfaninsa na kansa, ko yake da jari a ƙasashe uku huɗu, ko ya sauya ƙasar zama a tsakiyar shekara, kuɗin da zai ba akanta mai lasisi ba asara ba ne. Ya dai kai masa jadawalin nan a shirye.

Mataki na takwas: turawa, ajiya da gyara

Ranar rufewa ba abin wasa ba ce. A Amurka 15 ga Afrilu ce, kuma tarar rashin turawa kashi 5 ne na harajin da ake bin ka a kowane wata har zuwa kashi 25. A Birtaniya 31 ga Janairu ce ga masu turawa ta intanet, kuma makarar kwana ɗaya fam 100 ne ko da ba a bin ka komai. In ba ka da kuɗin biya a hannu, tura takardar a kan lokaci, sannan ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan.

Ajiye takardun rabo, jadawalinka, shaidar farashin canji da kwafin abin da ka tura. Amurka ta fi ambaton shekara uku, Birtaniya aƙalla wata 22 bayan ƙarshen shekarar haraji ga wanda ba ɗan kasuwa ba. Amma takardun saye da na rabon da aka mayar cikin jari, riƙe su har sai ka sayar da jarin ka kuma bayyana ribarsa.

Idan bayan ka tura ka gano ka bar wani rabo a baya, ko dillali ya aiko da takardar da aka yi wa gyara, wanda yakan faru da asusun haɗaka, kai ne za ka fara zuwa. A Amurka fom na 1040-X ake cikewa. A Birtaniya kana da wata 12 daga ranar 31 ga Janairun nan ka shiga ka gyara da kanka ta intanet. Sauya adadin, biya bambancin tare da ɗan abin da ya hau kansa, sannan ka koma jadawalinka ka rubuta ranar gyaran kusa da layin da ya jawo shi.